John Enders: Masanin Da Ya Raini Ƙwayar Ƙyanda A Cikin Kwalba

Duk uwar da ta raini 'ya'ya a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ta san lokacin ƙyanda. Da sanyi ya fara ja baya, zafi ya kunno kai, sai a fara jin cewa baƙon dauro ya shiga unguwa kaza. Yaro ya yi zazzaɓi, ido ya yi ja, tari da majina su biyo baya, bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su feso daga bayan kunne su gangara jiki. Allurar da ake yi wa jariri a wata tara don kare shi daga wannan cuta ta samo asali ne daga aikin wani Ba'amurke mai suna John Franklin Enders. Aikin nasa ne kuma ya buɗe hanyar gano wani ciwon ƙwaƙwalwa da ƙyanda ke haddasawa shekaru bayan an ɗauka yaro ya warke. Ga tarihinsa, da abin da ya shafi iyali a ciki.

Ɗan mai banki da ya daɗe bai samu sana'a ba

An haifi Enders ranar 10 ga Fabrairu, 1897, a garin West Hartford da ke jihar Connecticut a Amurka. Mahaifinsa shugaban banki ne, don haka bai tashi cikin rashi ba. Ya shiga Jami'ar Yale a 1915, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, ya koyi tuƙin jirgin sama, har ya zama mai koyar da matuƙa a jihar Florida. Bayan yaƙi ya koma ya kammala digirinsa a 1920.

Daga nan ya gwada dillancin gidaje da filaye, abin bai karɓe shi ba. Sai ya tafi Jami'ar Harvard ya shafe shekaru yana nazarin adabin Ingilishi da tsofaffin harsunan Turai, da niyyar zama malamin makaranta. A gidan da yake haya akwai wani ɗan Ostireliya mai suna Hugh Ward, masanin ƙwayoyin cuta, wanda ya riƙa jan sa zuwa ɗakin bincikensu. A can ya haɗu da Farfesa Hans Zinsser, shugaban sashen. Enders ya ajiye adabi yana ɗan shekara kusan talatin, ya koma ajin farko a wani fanni daban, ya samu digirin digirgir a 1930. Bai taɓa zama likitan da ke duba marasa lafiya ba. Rayuwarsa duk a ɗakin gwaje-gwaje ta ƙare.

Ya auri Sarah Bennett a 1927, suka haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace. Ta rasu a 1943, ya sake aure a 1951 da Carolyn Keane.

Matsalar da ta hana masana ci gaba

Don a gane darajar aikinsa, sai an san bambancin ƙwayoyin cuta iri biyu. Bakteriya, irin masu kawo taifod ko kwalara, suna iya rayuwa su hayayyafa a cikin romon nama ko wani abinci da aka zuba a faranti. Bairas kuwa, irin na ƙyanda, shan-inna da hangum, ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Yana kutsawa cikinta ne, ya mayar da ita masana'antar buga irinsa. Saboda haka a shekarun 1930 mai son nazarin bairas sai ya nemi dabba mai rai, sau da yawa biri, ko ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki. Aiki ne mai tsada da jinkiri, kuma ba a samun ƙwayar da yawan da za a haɗa rigakafi.

Akwai dabarar rainon ƙwayoyin halitta a cikin kwalba tun kafin lokacin, amma bakteriya sukan faɗa ciki su ɓata komai. Enders ya fara da nazarin bakteriyar ciwon huhu, sannan ya koma kan wata cutar kyanwoyi, daga baya ya duƙufa kan hangum. A 1946 aka roƙe shi ya kafa sashen binciken cututtuka masu yaɗuwa a Asibitin Yara na Boston. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, da ma'aikata 'yan kaɗan. A lokacin an samu fenisilin da sitireftomaisin, waɗanda ake ɗigawa a ruwan rainon su kashe bakteriya, su bar ƙwayoyin halitta da bairas.

Kwalaben shan-inna

A 1948 wani matashin likita da ke aiki da shi, Thomas Weller, yana ƙoƙarin rainon bairas na ƙarambau a cikin tsokar fata da nama na ɗan tayi. Wasu kwalabe suka yi saura. Aka zuba musu bairas na shan-inna da ke ajiye a firji. A wancan zamanin an yi imani cewa wannan ƙwayar ba ta tsira sai a cikin jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa. Ƙarambau bai kama ba, amma da aka ɗebi ruwan kwalaben shan-inna aka yi wa ɓeraye allura, sai ƙafafunsu suka shanye. Ƙwayar ta hayayyafa ke nan a naman da ba jijiya ba.

Enders da Weller da abokin aikinsu Frederick Robbins suka wallafa sakamakon a 1949. Suka kuma nuna cewa ana iya gane kasancewar bairas ta hanyar duba ɓarnar da yake yi wa ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin madubin likita, ba sai an kashe dabba ba. Da wannan dabara aka samu damar tara ƙwayar shan-inna mai yawa, Jonas Salk ya haɗa allurarsa da aka amince da ita a 1955, Albert Sabin kuma ya haɗa ɗigon baki da iyaye a nan suka sani sarai. An ba su ukun kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1954. Lokacin da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shan-inna na daji a watan Agustan 2020, tushen nasarar yana cikin waɗancan kwalaben.

Ƙwayar Edmonston

Enders bai shiga tseren haɗa rigakafin shan-inna ba. Ya bar wa wasu, ya juya kan ƙyanda. Cuta ce da aka daɗe da sani: likitan nan Abubakar Ar-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rubuta littafi yana bambanta ta da agana. Amma babu wanda ya riƙe ƙwayarta a hannu yadda za a yi aiki da ita.

A farkon 1954 ƙyanda ta ɓarke a wata makarantar kwana ta yara maza kusa da Boston. Enders ya tura wani likitan yara, Thomas Peebles, ya ɗebo jini da ruwan maƙogwaro na ɗaliban da suka kamu. Aka zuba samfurin a kan ƙwayoyin ƙodar ɗan Adam da ake raino a kwalba. Bayan 'yan kwanaki sai aka ga ƙwayoyin suna narkewa cikin juna, suna zama manyan dunƙule masu cibiya da yawa. Samfurin da ya fi kamawa na wani ɗalibi ne mai suna David Edmonston, shi ya sa ake kiran wannan iri da sunansa har yau. Da aka sa wa birai ita, suka yi ƙyanda.

Mataki na gaba shi ne a raunana ƙwayar. Dabarar ita ce a riƙa kwashe ta daga wannan kwalba zuwa waccan, a cikin naman da ba ta saba da shi ba, har ta manta yadda ake cutar da mutum amma jiki ya ci gaba da gane ta. Sun bi da ita sau 24 a ƙwayoyin ƙoda, sau 28 a ƙwayoyin tantanin da ke lulluɓe jariri a mahaifa, sannan suka mayar da ita ƙwan kaza da ƙwayoyin ɗan tsako. Aikin ya ci shekaru, tare da Samuel Katz, Milan Milovanovic da Anna Mitus. A 1958 aka fara gwada ta a jikin yara, a wata makarantar gwamnati ta yara masu lalurar ƙwaƙwalwa a jihar Massachusetts, bayan an nemi izinin iyayensu. Dokokin bincike na yau sun fi na wancan lokaci tsauri game da gwaji a kan yara irin waɗannan. Yaran sun samu garkuwa, ko da yake da yawansu sun yi zazzaɓi da ƙuraje marasa tsanani.

Enders bai yi wa ƙwayar rajistar mallaka ba. Duk mai binciken da ya nema, ana ba shi kyauta. Amurka ta amince da allurar a watan Maris na 1963. Wasu suka ƙara raunana ta don rage zazzaɓin: Anton Schwarz a 1965, Maurice Hilleman a 1968. Yawancin alluran ƙyanda da ake amfani da su a duniya yau jikokin ƙwayar Edmonston ne.

Hannun Najeriya a cikin labarin

A lokacin da Turawa da yawa ke ɗaukar ƙyanda a matsayin ciwon yara da ke wucewa, wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, yana aiki a asibitin Wesley Guild da ke Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, a jihar Osun ta yanzu. Ya ga yadda cutar ke kashe yara a nan, musamman masu tamowa, ta hanyar ciwon huhu da gudawa, da yadda take makantar da wasu. Ya nemi a kawo sabuwar allurar. Samuel Katz, almajirin Enders, ya zo Najeriya, aka yi gwajin, aka wallafa sakamakon a 1962. Ya nuna cewa allurar tana aiki a jikin yaran Afirka, har da masu fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci. Daga 1967 aka ƙaddamar da babban shirin yaƙi da agana da ƙyanda a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Najeriya da Nijar na ciki. Dattawan da ke da tabon lamba a damtse suna iya tuna wancan zamani.

Ƙwayar da ta ƙi fita

A ƙa'ida, garkuwar jiki tana share ƙwayar ƙyanda bayan 'yan makonni, mutum ya samu kariya har ƙarshen rayuwa. Amma tun a 1959 Enders da Mitus da abokan aikinsu suka ba da rahoton wasu yara masu raunin garkuwa, irin masu sankarar jini, waɗanda ƙwayar ta daɗe a jikinsu fiye da yadda aka saba, ta kawo musu mummunan ciwon huhu, wasu ko ƙuraje ba su fito musu ba. Wannan ya nuna cewa ƙyanda tana iya laɓewa.

A shekarun 1960 wani masani, Robert Rustigian, ya ɗauki ƙwayar Edmonston ya zuba a kan ƙwayoyin halitta da ake kira HeLa. Yawancinsu suka mutu, amma waɗanda suka tsira suka ci gaba da rarrabuwa da bairas a cikinsu. Da ya raine su a cikin ruwa mai ɗauke da sinadaran garkuwa masu yaƙar ƙyanda, sai ya samu ƙwayoyin da ke cike da sassan bairas amma ba sa fitar da cikakken bairas mai kama wani. Ƙwayar tana nan a ciki, ba ta kashe mai masaukinta ba, ba ta kuma fito fili ba.

Wannan abin da aka gani a kwalba ya taimaka wajen warware wata tsohuwar matsala. A 1933 wani likita a Amurka, James Dawson, ya bayyana wani ciwon ƙwaƙwalwa mai ci a hankali a jikin wani matashi, ya ga wasu ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka sa ya zargi bairas. A 1945 Ludo van Bogaert na Beljiyam ya bayyana irinsa. Ba a san sanadi ba sai a 1965, da masana a Faransa suka hango wasu zarurruka masu kama da na dangin ƙyanda ta madubin lantarki. A 1967 likitoci a Belfast suka samu sinadaran garkuwar ƙyanda masu yawan gaske a jini da ruwan lakar masu ciwon. Duk da haka, in an niƙa naman ƙwaƙwalwar an zuba a kwalba, babu abin da ke tsirowa. A 1969 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka raini ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ransu, haɗe da wasu ƙwayoyin da ƙyanda ke so, sai bairas ɗin ya bayyana. Da dabarar Enders aka kama shi.

Ciwon shi ake kira SSPE a taƙaice. Yanzu an san cewa ƙwayar da ta maƙale a ƙwaƙwalwa tana sauya kama. Furotin ɗin da take buƙata don ta naɗe kanta ta fita daga ƙwayar halitta yakan lalace, sai ta koma rarrafawa daga wannan jijiya zuwa maƙwabciyarta, inda garkuwar jini ba ta kai mata. Shi ya sa ciwon ke ɗaukar shekaru kafin ya nuna, shi ya sa kuma mai SSPE ba ya harbin kowa.

Yadda SSPE ke bayyana a gida

Galibi yana fitowa ne shekara 7 zuwa 10 bayan yaro ya yi ƙyanda, lokacin da iyaye sun manta da ita. Ya fi kama wanda ya yi ƙyanda kafin ya cika shekara biyu, kuma ya fi yawa a yara maza. An daɗe ana ƙiyasta cewa yana samun mutum 4 zuwa 11 cikin kowane 100,000 da suka yi ƙyanda. Wani bincike da aka yi a jihar Kalifoniya, aka wallafa a 2017, ya samu kusan yaro 1 cikin 600 a tsakanin waɗanda suka kamu kafin su cika shekara ɗaya.

Farkonsa ba ya kama da ciwo. Yaron da ke riƙe karatu sai ya fara mantuwa, haddarsa ta zube, rubutunsa ya lalace, ya zama mai saurin fushi ko yawan shiru. Malam ya ce wasa ya yi masa yawa. Bayan watanni sai fizga ta fara: kai ya sunkuya farat ɗaya, ko hannu ya zabura, ko yaro ya faɗi yana cikin tafiya ya tashi, abin yana maimaituwa bayan 'yan daƙiƙoƙi, yana lafawa in ya yi barci. Wasu ganinsu yakan ragu. Daga nan jiki ya sandare, magana ta ɗauke, haɗiya ta yi wuya, yaro ya kwanta. Mafi yawa suna rasuwa cikin shekara ɗaya zuwa uku da fara alamun.

A irin wannan hali iyali sukan ce iska ce, ko sammu, ko farfaɗiya. Muna roƙon iyaye, duk abin da za a yi na addu'a a yi, amma a kai yaron asibiti da wuri, kuma a faɗa wa likita in ya taɓa yin ƙyanda yana ƙarami, ko da an ga abin ya daɗe. Akwai dalili biyu. Na farko, cututtuka da dama suna kama da wannan kuma suna da magani: farfaɗiya ta gama-gari, tarin fuka na ƙwaƙwalwa, da gubar dalma, wadda jihar Zamfara ta sha fama da ita tun 2010 a ƙauyukan da ake sarrafa zinariya. Na biyu, ba a tabbatar da SSPE sai da gwajin EEG mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, da gwajin ruwan laka, wani lokaci da hoton MRI. Babban asibitin da ke kusa zai iya tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Har yau babu maganin da ke warkar da SSPE. Akwai magungunan da kan rage saurinsa a wasu yara, akwai masu rage fizga da sandarewar jiki. Sauran aikin jinya ne: a riƙa juya yaro don kada ya yi gyambon kwanciya, a ba shi abinci mai laushi yana zaune don kada ya shaƙe, a kula da tsabtarsa. Babu dalilin ware masa kwano ko hana 'yan uwansa zama da shi. Uwa kuma kada ta ɗora wa kanta laifi.

Ƙarshen rayuwarsa

Waɗanda suka yi aiki da Enders sun san shi da sanyin hali da rashin son hayaniya. Ya fi son ƙaramin ɗakin bincike inda zai zaga kowane tebur ya duba kwalabe da idonsa. Harvard ba ta ba shi cikakkiyar kujerar farfesa ba sai 1956, bayan ya riga ya karɓi Nobel. A 1963 aka ba shi lambar yabo mafi girma da shugaban Amurka ke ba farar hula. Ya yi ritaya daga koyarwa a 1967, amma ya ci gaba da bincike, har da kan alaƙar bairas da ciwon daji. Bai rabu da son adabi ba har tsufansa. Ya rasu ranar 8 ga Satumba, 1985, a gidansa da ke Waterford a Connecticut, yana da shekara 88.

Abin da ya rage gare mu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kafin rigakafi ya yaɗu a 1980, ƙyanda tana kashe mutum kusan miliyan 2.6 kowace shekara. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin 107,500, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ba a yi wa allura ba. A ƙasashen da kusan kowane yaro ke samun allura, SSPE ya kusa ɓacewa. Duk lokacin da aka bincika ƙwaƙwalwar mai ciwon, ƙwayar ƙyanda ta gari ake samu, ba a samu ta allura ba.

A Najeriya ana yin allurar ƙyanda sau biyu, kyauta: a wata 9 da wata 15. Ta biyun tana da muhimmanci, domin wasu jarirai ba sa kama garkuwa daga ta farko. A yankunan da rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu, yara da yawa sun tsallake lokacinsu, kuma cunkoson masu gudun hijira wuri ne da ƙyanda ke saurin yaɗuwa. In kun baro gida, ko katin rigakafi ya ɓata, ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ku faɗi shekarun yaron. Wuce wata tara ba ya hana a yi masa. Jaririn da bai kai wata tara ba, wanda shi ya fi shiga haɗarin SSPE, kariyarsa tana ga yayyensa da yaran maƙwabta da aka yi wa allura.

In kuma ƙyanda ta riga ta kama yaro, kada a kulle shi a ɗaki ana jira ƙuraje su gama fitowa. A kai shi asibiti a ba shi sinadarin bitamin A, wanda ke kare ido da rage mace-mace, a ci gaba da ba shi nono, ruwa da abinci, a nisanta shi da jarirai. Saurin numfashi, jijjiga, gudawa mai yawa, ƙin cin abinci ko farin tabo a ido alamu ne na a koma asibiti nan take. Bayan ya warke, a rubuta shekarar da ya yi ciwon a katinsa, a adana.